Saurin Haske a Harshen Hausa: Waiwaye kan Gadon Cheikh Anta Diop da Abdou Moumouni

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wani ƙauye na ƙasar Adar da hantsi, ya hango mace tana daka daga nesa, ya ga abin da ke haifar da tambaya: taɓarya tana sauka cikin turmi, har ta sake tashi sama, kana ƙararta ta iso kunne. Haka abin yake da damina, domin kullum walƙiya tana riga tsawa isowa. Yaro mai lura ba ya bukatar lakwal kafin ya gane cewa gani ya fi ji sauri. Daga nan sai wata tambayar ta biyo baya: shi hasken, nan take yake zuwa, ko kuwa shi ma tafiya yake yi? In tafiya yake yi, akwai abin da ya fi shi gudu?

Irin waɗannan tambayoyi ba su tsaya ga yara ba. Ana jin su a fada wajen shan shayi a Birnin Ƙonni, ana jin su a bakin ƴan lise na Malbaza da na Illela bayan an tashi daga darasi, ana jin su ga direbobi da masu gyaran salula waɗanda suka tsinci sunan Einstein a rediyo. Wani ya ce in mota tana gudun haske ta kunna fitila, fitilar za ta haska gabanta? Wani ya ce da gaske ne wanda ya yi tafiya cikin sararin samaniya zai dawo ya tarar tagwaininsa ya fi shi tsufa? Wani kuma ya ce me ya hana a ƙara wa injin wuta har ya wuce hasken? Masu tambayar ba masana ba ne, amma tambayoyin nasu su ne ainihin waɗanda suka hana manyan masana barci a ƙarshen ƙarni na 19. Kusan duka da Hausa ake yin su. Amsar kuwa, in ta zo, da Faransanci take zuwa.

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, zancen ko Hausa za ta iya ɗaukar ilimin fizik ya bar majalisar hira ya koma nauyi a wuyan malamai. Saboda haka ya dace a waiwayi littattafai biyu da ake yawan kafa hujja da su a wannan batu, a auna abin da suka bai wa mai tambaya da abin da suka bar shi yana jira.

Abin da Diop ya tabbatar

A shekarar 1954 kamfanin Présence Africaine ya buga littafin Cheikh Anta Diop mai suna Nations nègres et culture a birnin Paris. An fi sanin littafin da batun Misira ta dā da asalin mutanenta, amma a kashinsa na biyu marubucin ya yi wani aiki dabam. Ya zayyana kalmomin lissafi da na kimiyya da harshen Wolof, sa'annan ya fassara taƙaitaccen bayanin ƙa'idar Einstein kamar yadda masanin nan na Faransa Paul Langevin ya tsara shi. Diop ba baƙo ba ne a fagen, domin ya karanci fizik a Paris, daga baya kuma shi ya kafa ɗakin binciken auna shekarun kayan tarihi da sinadarin karbon 14 a cibiyar IFAN ta Dakar. Ya sake komawa kan wannan aiki a 1975, cikin wata doguwar maƙala a mujallar IFAN game da yadda za a dasa kimiyya a Afirka.

Darajar waɗannan shafuka ba ta bukatar gardama. A zamanin da aka rubuta su, ra'ayin da ya yi kaka-gida a makarantun mulkin mallaka shi ne cewa harsunan Afirka sun isa ciniki a kasuwa da tatsuniya, amma ba su isa tunani mai zurfi ba. Diop ya zaɓi ƙa'idar da duniya ta ɗauka ta fi kowace wuya, ya sa ta a bakin Bawolofe, wato ya tunkari gardamar ta inda ta fi ƙarfi. Bayan haka, wanda ya ce harshen Afirka ba zai iya ba, shi ne hujja ta hau kansa.

Sai dai kuma akwai abin da masu yabon wannan aiki ba su cika faɗa ba. Fassarar tana zaune ne a cikin littafin Faransanci, an jera ta domin mai shakka ya gani ya yi shiru. Wanda aka yi wa magana shi ne farfesan Sorbonne da ɗan bokon Dakar, ba manomin gyaɗa da ke tambaya game da walƙiya ba. Bugu da ƙari, abin da aka fassara taƙaitawa ce, taƙaitawa kuwa tana amfanar wanda ya riga ya san dogon bayani. Wanda bai taɓa jin yadda aka auna gudun haske ba, in aka karanta masa sakamakon da harshen uwarsa, ya ji kalmomin sarai, amma bai samu hanyar da zai bi ya gaskata ko ya ƙaryata ba. Diop ya nuna cewa randa ba ta yoyo, ɗebo ruwan kuwa ya bar wa na baya.

Abin da Abdou Moumouni ya tsara

Littafi na biyu na ɗan ƙasa ne. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929, ya samu babbar shaidar koyarwa ta agrégation a fannin fizik a Faransa a 1956, ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako, ya zurfafa bincike kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafuwa masu aiki da zafin rana, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka raɗa wa jami'ar sunansa a 1992. Littafinsa L'Éducation en Afrique ya fito a 1964 a kamfanin Maspero.

Littafin ya bi tarbiyyar gargajiya, ya nuna yadda take haɗe da rayuwa da sana'a. Ya bi makarantar mulkin mallaka, ya nuna cewa an gina ta ne domin samar da akawu da tafinta. Daga nan ya kawo tsarin gyara, wanda ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne koyarwa da harsunan Afirka. Ƙarfin hujjarsa ya zo ne daga kasancewarsa masanin fizik. In malamin adabi ya ce a koyar da harshen gida, ana iya cewa sana'arsa yake karewa. Amma in wanda ya ƙware a lissafin zafi da haske ya faɗi haka, ba a da bakin cewa bai san nauyin abin da yake nema a ɗora wa harshen ba.

Inda littafin ya tsaya shi ne inda aikinsa ya ƙare: tsari ne da aka miƙa wa gwamnatoci da masu shirya manhaja, da Faransanci, cike da kyakkyawan zaton cewa in hukuma ta yanke shawara sauran abubuwa za su biyo baya. Tarihi ya nuna abin bai zo da sauƙi haka ba. An buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa tun 1973, aka fara da Hausa a Damagaram. An daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999, an yi dokar harsunan ƙasa a 2001. Duk da haka harshen gida ya tsaya a firamare, ɗalibi kuwa yana haɗuwa da fizik a sakandare, inda Faransanci ne kaɗai ke magana. Wato a daidai shekarun da yaro ya fara tambaya game da haske, a nan ake karɓe masa harshen da yake tambaya da shi.

Ba za a ce Hausa ba ta taɓa gwada wannan fage ba. A 1949 Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a Zariya, littafin da ya bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa mai daɗi, wanda sunansa kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin uban da ke tsoron boko. A 1969 kuma Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Waɗannan sun nuna akwai masu karatu, akwai kuma salo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗora daga inda suka tsaya.

Amsoshi biyu masu kashe tambaya

Da yake an bar filin babu mai shi, amsoshi iri biyu sun mamaye shi. Ta farko ita ce ta hadda. A tambayi ɗan makaranta me ya sa ba a wuce haske, sai ya karanto cewa gudun haske kilomita dubu 300 ne a daƙiƙa, ya ƙara da E = mc², ya yi shiru yana jiran yabo. Adadin daidai ne, amma mai tambaya bai tambayi adadi ba, dalili ya tambaya. Wannan amsa tana koya wa jama'a cewa kimiyya wasu kalmomi ne na sirri da ake riƙewa a ka, kamar yadda boka ke riƙe surkullensa.

Ta biyu ta fi ta farko farin jini, ta kuma fi ta bukatar a yi mata magana da ladabi. Tun bayan fitowar littafin likitan nan Maurice Bucaille a 1976 kan Baibul da Alƙur'ani da kimiyya, wanda ƴan boko masu jin Faransanci suka karanta ƙwarai, an samu masu neman kowane sabon bincike a cikin nassi, har wasu suka yi lissafin da suka ce yana fitar da gudun haske daga aya. Niyyar masu wannan aiki ɗaukaka addini ce, amma hanyar tana da haɗari biyu. Na ɗaya, tana ɗaure abin da mumini ya ɗauka madawwami ga ma'aunin da masu shi kansu suke gyarawa kullum. A 2011 wasu masu bincike a Italiya sun ba da sanarwar cewa ƙwayoyin da ake kira nutrino sun riga haske isowa daga cibiyar CERN ta Janeba. Duniya ta ɗauka, amma a 2012 aka gano cewa wata waya ce ba ta ɗauru da kyau ba, aka janye maganar. Wanda ya yi gaggawar nemo wa labarin farko aya, ina zai sa kansa a shekara ta biyu? Na biyu, wannan amsa ita ma tana rufe bakin mai tambaya, domin in an ce masa an riga an faɗa, ba shi da sauran dalilin ɗaukar ma'auni.

Malaman Musulunci na dā ba haka suka yi ba. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Misira a ƙarni na 11, ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƴar ƙofa, ya tabbatar cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya kuma riƙe cewa haske yana ɗaukar lokaci a tafiyarsa ko da ido bai iya riskar lokacin ba. Wannan shi ne gadon da ya kamata a nuna wa ɗalibin Ƙonni: malami mai imani wanda ya tashi ya gwada.

Yadda amsa ta gaskiya za ta kasance

Ma'aunin da ya kamata a auna kowane rubutun kimiyya da Hausa shi ne wannan: shin ya faɗa wa mai karatu yadda aka sani? A ɗauki tambayar farko. A 1676 Ole Rømer, ɗan ƙasar Danmak da ke aiki a Paris, ya lura cewa ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari yana makara wajen fitowa daga inuwa duk lokacin da duniyarmu ta yi nisa da Mushtari, yana kuma sammako in ta matso. Ya gane cewa watan ba ya makara, haskensa ne ke da ƙarin tafiya. A 1849 Hippolyte Fizeau ya auna abin a doron ƙasa. Ya harba haske ta tsakanin haƙoran wata ƙafa mai haƙori 720 zuwa ga madubi da ke nisan mita 8,633, ya yi ta ƙara wa ƙafar juyi har ya kai inda hasken da ya fita ta giɓi yake dawowa ya tarar haƙori ya tare masa hanya. Hakan ya faru da ƙafar tana juyi 12 da ɗan ɗori a daƙiƙa. Ɗan aji uku na kwaleji zai iya ƙarasa lissafin da alli, ya samu kusan kilomita dubu 313, kusa ƙwarai da adadin da aka tsayar a yau, wato mita 299,792,458 a daƙiƙa. Da wannan gudu haske zai ratsa kilomita 420 da ke tsakanin Ƙonni da Yamai sau 700 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Daga rana kuwa yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya sauka a gonakin Galmi. Babu kalma ɗaya a cikin wannan bayani da ta gagari Hausa.

Tambayar mota da fitila ita ce zuciyar al'amarin. In babbar mota ta ɗauko albasa daga Galmi tana gudun kilomita 60 a awa, yaron mota ya jefa albasa ɗaya gaba da ƙarfin kilomita 20 a awa, wanda ke tsaye a bakin hanya zai ga albasar tana gudun 80. Hankali ya yarda da wannan, kuma kowa ya zaci haske ma haka zai yi. A 1887 Michelson da Morley suka nemi wannan ƙari a Amurka, suka gwada hasken da ke bin hanyar da duniya take gudu da wanda ke gitta ta, ba su samu bambanci ba. A 1905 Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern, ya ɗauki wannan a matsayin doka: direba da na bakin hanya, kowa ya auna hasken fitilar, adadi ɗaya zai samu, komai gudun motar.

Daga wannan doka sauran abubuwan mamakin suke fitowa, kuma ana iya nuna su da misalin cikin mota. Yaro yana zaune a mota mai tafiya, yana cilla lemo sama yana caɓewa. A idonsa lemon yana hawa yana sauka a miƙe. A idon na bakin hanya kuwa lemon yana bin hanya mai lanƙwasa wadda ta fi tsawo, domin motar tana gaba da shi. To a maye lemon da ɗigon haske mai kai da komo tsakanin madubin ƙasa da na rufin motar. Na bakin hanya yana ganin hasken ya yi tafiya mafi tsawo, amma gudunsa bai ƙaru ba. Tafiya mai tsawo da gudu iri ɗaya, dole ta ci lokaci mai yawa. Ke nan abin da na cikin mota ya ƙirga daƙiƙa ɗaya, na waje ya ƙirga fiye da haka. Wannan shi ne tushen labarin matafiyin da ya dawo ya tarar na gida sun fi shi tsufa, wanda Langevin ya kawo a 1911.

Mai tambaya yana da haƙƙin cewa shi bai taɓa ganin haka ba, kuma gaskiyarsa ne. Direban da ya yi shekara 40 yana gudun kilomita 100 a awa dare da rana ba tsayawa, ragin da zai samu bai kai kashi ɗaya cikin dubu 100 na daƙiƙa ba. Sai gudu ya kai kashi 87 cikin 100 na gudun haske kafin agogo ya koma rabi. Amma an auna abin: a 1971 an zagaya duniya da agogunan atam a jiragen sama, suka dawo sun saɓa da na ƙasa gwargwadon yadda lissafi ya faɗa. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda salular da ke aljihun ɗan kabu-kabu take saurare, agogunansu suna wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, saboda haɗuwar tasirin gudunsu da na nisansu daga jan ƙasa. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren taswira ya kai kimanin kilomita 10 a kwana ɗaya.

Mai cewa a ƙara wa injin wuta shi ma yana da amsa. Duk yadda abu mai jiki ya matsa kusa da gudun haske, makamashin da ake bukata domin a ƙara masa taki ɗaya yana ninkuwa ba iyaka. A CERN ana kora ƙwayoyin proton cikin rami mai zagayen kilomita 27 har ya rage musu kimanin mita 3 a daƙiƙa su kamo haske, amma waɗannan mita 3 ba su ciwuwa. Saboda haka motar da aka ce tana gudun haske babu ita. Wadda ke dab da shi kuwa, fitilarta za ta haska gabanta kamar kullum.

Abin da ya shafi wannan yanki

Kada a ɗauka wannan zance na nesa ne. Ranar 29 ga Maris 2006 an yi kusufin rana wanda ya rufe ta ɗungum a wani zirin ƙasa da ya ratso arewacin Najeriya da Nijar, mutanen jihar Tawa ma suka ga rana ta dushe da hantsi. Da irin wannan kusufi ne, ranar 29 ga Mayu 1919, Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurari daga tsibirin Principe da ke gaɓar Afirka, wasu abokan aikinsa kuma daga Sobral ta Brazil, suka nuna cewa hasken tauraro yana karkata in ya gitta kusa da rana, kamar yadda ƙa'idar Einstein ta 1915 ta hango.

Tashar lantarki mai aiki da hasken rana da aka buɗe a Malbaza a watan Nuwamba na 2018, mai ƙarfin megawat 7, tana tsaye ne kan fahimtar cewa haske yana zuwa ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya tana iya tunkuɗe elektron daga mazauninsa. Einstein ne ya kawo wannan bayani a 1905, shi ne kuma dalilin kyautar Nobel ta 1921 da aka ba shi. Yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, wanda motocinsa suka yi shekara da shekaru suna bi ta Tawa da Ƙonni zuwa tashar ruwa ta Kwatano, darajarsa duka tana cikin E = mc²: in ƙwayarsa ta tsage, kimanin kashi ɗaya cikin dubu na jikinta yana komawa makamashi. Giram ɗaya da ya koma makamashi ɗungum ya yi daidai da abin da tashar Malbaza za ta bayar in ta yi fiye da awa 3,500 tana aiki da dukan ƙarfinta. Al'ummar da dukiyarta ta ƙasa da ta sama suka rataya ga waɗannan ƙa'idoji, bai kamata a ce ba ta iya tattauna su da harshenta ba.

Matsalar kalmomi

Inda aiki na gaske yake shi ne wajen kalmomi, kuma a nan ne ya kamata malaman Hausa su zauna da malaman fizik. Kalmar relativité an saba fassara ta da « dangantaka », alhali Bahaushe in ya ji dangantaka, zumunta ce ke zo masa. Mafi muni, sunan yana ƙarfafa kuskuren da ya yaɗu har cikin Faransanci, cewa Einstein ya ce komai ya danganta da mai kallo, kowa da gaskiyarsa. Ƙa'idar kuwa an gina ta ne kan abin da ba ya sauyawa ga kowa, wato gudun haske da dokokin halitta. Kalmar « nauyi » tana ɗauke da masse da poids a lokaci ɗaya, alhali buhun gero da aka kai duniyar wata zai yi sauƙin ɗauka sau 6 ba tare da ƙwaya ɗaya ta ragu ba. Kalmar « ƙarfi » ana sa ta a wurin force da énergie da puissance, abubuwa uku da ɗalibi ke faɗuwa jarrabawa in ya cakuɗa su. Ita kanta « daƙiƙa », a Larabcin da aka aro ta minti take nufi, don haka almajirin da ya yi karatun zaure yana iya jin adadin gudun haske ya raba shi gida 60 bai sani ba.

Akwai kuma inda Hausa ta fi Faransanci sauƙi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar année-lumière a matsayin lokaci, saboda sun ji shekara a ciki. Bahaushe kuwa tun zamanin fatake da lokaci yake auna nisa: ya ce gari kaza tafiyar kwana uku ne, ko zango biyar. In aka ce masa « tafiyar haske ta shekara ɗaya », ya san nisa ake nufi, kimanin kilomita miliyar 9,460. Taurarin da manoma ke kira Kaza da ƴaƴanta suna nisan tafiyar haske ta fiye da shekara 400. Hasken da ake gani daga gare su a daren yau ya baro su tun fiye da shekara 150 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, kusa da Galmi, a 1754. Wanda ya ji wannan da harshensa, ya ɗaga kai ya dubi Kaza, ya fahimci abin da shafi goma na hadda ba su ba shi ba.

Darasin da ke cikin aikin Diop a nan shi ne cewa kalmar da mutum ɗaya ya ƙirƙira a ɗakin karatunsa, komai gwanintarsa, ba ta zama kalma sai ta shiga aji, yara sun tauna ta, an ga inda take ɓatar da su. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kammalawa

Diop ya kawar da shakka, Abdou Moumouni ya shimfiɗa dalili da tsari, kuma dukansu sun yi magana ne da masu iko da masu musu, da harshen da waɗannan suke ji. Wanda ya rage ba a yi wa magana ba shi ne mai tambayar kansa. Abin da yake bukata ƙaramin littafi ne da Hausa, wanda kowane babi zai fara da tambaya irin ta fada, ya bi ta da gwajin da aka yi, da sunan wanda ya yi shi da shekarar, da lissafin da mai karatu zai iya maimaitawa, ya kuma faɗi a sarari inda masana kansu suka tsaya, kamar yadda har yau ba su daidaita ƙa'idar jan nauyi ta Einstein da ƙa'idar ƙananan ƙwayoyi ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyoyin al'adu da malaman sakandare na Ƙonni da Malbaza da Illela ba. Malamin fizik yana da ilimin, malamin Hausa yana da kunnen da zai ji inda jimla ta karkace, gidajen rediyon al'umma suna da masu saurare da za su nuna wace kalma ta zauna, wace ta faɗi. Ana iya farawa da darasi ɗaya a damina mai zuwa: a sa yara su ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da tsawa, su raba da uku, su faɗi nisan hadarin da kilomita.